Nan Na Ɗaki Ne

Makarfi, 4 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Kaka Ilisha,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma an gama shigar da masara lafiya. Ni ce Irene, jikar Sama'ila ɗan baffanka, wadda ke aikin jinya a nan Makarfi. Rabonka da ni tun bikin Yaya Huseina, kada ka ce ka manta da amaryarka.

Bayan gaisuwa, Kaka, mun haɗa kwaya guda daga majami'un Ikara da Makarfi da Kudan, mu arba'in da biyu, ni aka ɗora wa jagoranci. To ga abin da ya faru. Iyalin marigayi Alhaji Zakiyyu, masu babban gidan nan na wajen Hunkuyi, sun gyara tsohon soronsu, sun gayyace mu mu yi musu waƙoƙin Kirsimeti a ciki ranar 25 da la'asar, don zumuncin maƙwabtaka. Za a taru da yawa, Musulmi da Kirista.

Ina so mu rufe da waƙar gida, ba fassarar ta Turawa ba. Kakana kafin ya rasu yana yawan ambaton waƙar babanka, Inuwa Magini, amma baiti ɗaya kawai ya riƙe. Ya ce kai kaɗai ka rage da ita. Na kira wayar maƙwabcinka sau uku, an ce ka ce a rubuto. To ga shi na rubuto. Adama mai fataucin barkono za ta kawo maka, ita ce kuma za ta dawo mini da amsa.

Taka,
Irene

Gidan Inuwa, ta Paki, 10 ga Nuwamba

Zuwa ga amaryata Irene,

Na ga takardarki, na gode. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Masara ta shiga, dawa ce ta ɗan ba mu kunya bana. Ki gai da uwarki. Amaryar da sai tana neman abu take tuna miji, to na ji, na yafe.

Ki yi haƙuri da hannuna. Ban taɓa zama a aji ba, da yatsa na bi littafin waƙoƙin majami'a har baƙaƙen suka saba da ni. Kwana uku nake wannan takarda. Waya kuwa ba na so, abin da aka faɗa a cikinta iska ke tafiya da shi. Kuma wannan abu naku da kuke kira kwaya, mu 'yan waƙa muke cewa. Ƙwaya a nan ta gero ce.

Da na karanta sunan gidan sai da na ajiye takardar na fita na zaga garke na dawo. Yarinya, kin san wa ya gina soron nan? Babana ne. Shi da mutum goma sha ɗaya, rani biyu. Ni na ga ɗaurin azararsa da idona. Waƙar da kike nema a cikin soron nan aka haife ta, kuma sau ɗaya tak aka taɓa yin ta a can, shekara uku kafin Turawa su tafi. Alhaji Zakiyyu ya ce wa babana ya roƙi abin da yake so bayan an gama aiki, shi kuwa ya ce a bar shi ya shigo da mutanensa ranar Kirsimeti. Mu tara muka shiga. Takwas sun tafi gida wurin Ubangiji. Mai ɗakina ma, da ta koye ta daga baya, ta fi kowa son ta, ita ma ta bi su.

Ga ta, kada ki taɓa ko kalma ɗaya.

Masu kiwo, ku tashi ku duba,
Tauraro ya tsaya?
(nan na ɗaki ne)

Maryamu, ɗaga zane mu gani,
Yaro ya farka?
(nan na ɗaki ne)

Mun daɗe a duhu muna jira,
Gari ya waye?
(nan na ɗaki ne)

Ku faɗa mana, ku faɗa mana,
Mai Ceto ya zo?
(nan na ɗaki ne)

Muryar kuwa ki bi wadda Sama'ila ya koya miki, ya riƙe ta daidai, ko da yake shi kansa muryarsa kamar ta bunsuru take, Allah ya ba shi hutawa. Ki aiko mini da mazarƙwaila, ta Makarfi ta fi tamu.

Ni ne angonki,
Ilisha Inuwa

Makarfi, 14 ga Nuwamba

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga mazarƙwaila dunƙule huɗu, ka ci a hankali saboda haƙora, in akwai saura.

Na karanta wa 'yan waƙa takardarka, har wasu suka yi hawaye. Ba mu san cewa gininmu za mu shiga ba. Kuma na gane abin da kake nufi da "na ɗaki". Na san mutanen zamaninku ba ku kama sunan uwargida. Wurin nan na Kaka Talatu ne, ita ke yin amshi, ta tafi da kalmominta, kai kuma ba ka so ka sa bakinka a rabonta. Kada ka damu, ba za mu bar gurbinta a wofi ba. Na zauna na tsara amshi a kowane baiti, na ba matan zumunta su goma sha shida. In maza sun yi tambaya, mata su amsa, "I, ya tsaya, ya tsaya a Baitalami," Gilbert makaɗinmu kuma ya shigo da fiyano da ganga. Kaka, in ka ji za ka tashi ka taka, da ƙafar da komai. Matan har sun yanka anko, fari da ja.

Zayyad, jikan Alhaji da ke kula da gidan, ya ce za a sa maka kujera a gaba.

Amaryarka,
Irene

Gidan Inuwa, 1 ga Disamba

Irene,

Lafiya lau muke, ina fata ku ma haka. Takardarki ta kwana goma sha biyar a jakar Adama, 'yarta ta haihu ta tafi wankan jego ta manta da mu. Jiya ta iso. Ban ci tuwo ba.

Wa ya ce miki mai ɗakina? Na rubuta ɗaki. Ɗaki! Mai bango, mai rufi, mai ƙofa. In ina nufin matata ai na san yadda ake faɗa, shekara hamsin da ɗaya ina faɗa. Ku masu takardar makaranta sai a ba ku magana miƙaƙƙiya ku lanƙwasa ta ku ce kun gano zurfi.

Saurara. Maginan da, in sun gama ɗaure rufi, ba sa yarda da ido. Babban magini zai kori kowa, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya ya ce, "Ya ɗauru?" In aikin ya yi, sai ɗakin ya dawo masa da ita, "Ya ɗauru." In bai amsa ba, akwai inda ya yi sako-sako. Babana ya fi sauran wayo. A soron Zakiyyu ya kifa tukwane a cikin rufi, bakinsu ƙasa, ya shafe wurin da makuba har yana ƙyalli, mata suka yi daɓe kwana shida. Soron nan ba amsawa kawai yake ba, magana yake.

Da babana ya karɓi Yesu, sai ya ce in ɗaki yana shaidar aikin hannu, to zai shaidi Mai Ceto. Shi ya sa kowane baiti ya ƙare da tambaya. Ku yi tambaya, ku rufe baki, ku ƙirga huɗu a zuci. Ɗaki ne zai ba da amsa. A majami'armu ta kwano mun yi shekaru muna yin shirun nan ba mai amsawa, yara suna dariya suna cewa tsofaffi sun manta baiti. Na faɗa musu dalili, suka ce Baba Ilisha ya fara ruɗewa. Daga baya suka daina yin ta gaba ɗaya.

Yanzu Allah ya buɗe ƙofar soron bayan shekara sittin da bakwai, ke kuma za ki cusa mata goma sha shida da gangar Gilbert a bakinsa. In haka za ku yi, ku cire sunan babana, ku ba wani kujerar. Mazarƙwailar ta yi daɗi, amma ba ta sayi komai ba.

Ilisha

Makarfi, 8 ga Disamba

Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na yi kuskure, kuma na ji kunya. Amma mako uku muna koyon amshin nan. Da na faɗa wa matan, shugabarsu Mama Winifred ta ce, "Wato mu yi shiru bango ya yi waƙa? To bangon ya zo ya karɓi ankona ya ɗaura."

Duk da haka ban tsaya musu ba. Jiya Asabar ni da Gilbert muka hau mota muka je gidan. Kaka, gida ne! Zaure uku kafin ka kai soron, rufinsa kuwa sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. An sa kafet mai laushi bango zuwa bango, labule masu nauyi ta ko'ina, kujerun alfarma. Na tsaya a tsakiya na ce, "Mai Ceto ya zo?" da iyakar ƙarfina. Na ƙirga huɗu. Na ƙirga takwas. Ba abin da ya dawo. Gilbert ya gwada da muryarsa ta maza, shi ma shiru, sai mai gadi da ya leƙo ya ce wa muke nema.

Ba na cewa ba ka ji ba a wancan lokaci. Amma gini yana tsufa, kuma abin da mutum ya ji yana ɗan shekara goma sha huɗu yakan girma tare da shi. Ba zan iya tsayar da mutum arba'in da biyu su yi shiru a gaban manyan gari ba, a yi zaton mun manta waƙa. In ba wata dabara, da amshin mata za mu yi, ko mu bar ta. Ka zaɓa mana.

Irene

Gidan Inuwa, 13 ga Disamba

Amaryata mai saurin yanke hukunci,

Muna lafiya, sai gajiyar hanya. I, hanya na ce. Takardarki ta same ni ran Talata, ran Laraba na sa aka ɗora ni a bayan babur har bakin titi, na shiga mota biyu, na sauka a ƙofar gidan Zakiyyu da sandata. Ban faɗa miki ba don kada ki zo ki riƙe ni kamar majinyacinki.

Mai gadi ya ce Alhaji Zayyad ba ya nan. Na ce ba wurin yaro na zo ba, akwai tsoho a gidan nan? Ya ce sai Hajiya Mukarrama, surukar marigayi, matar ƙanen uban Zayyad, ba ta fiye ganin baƙi ba. Na ce je ka ce mata ɗan wanda ya gina rufin da ke kanta ne. Sai ga ta an riƙo ta, ƙarama kamar ke, amma murya ta fi ta mai shelar kasuwa.

Muka gaisa, muka tambayi juna matattunmu. Ta ce, "Kai ne ɗan Inuwa? Da aka kawo ni gidan nan amarya, in na yi kewar gida sai in saci jiki in shiga soron nan in kira sunan innata, ya kira mini ita." Ta ce ta yi shekaru ba ta gwada ba, ta ɗauka ita ce ta girma.

Da na shiga na ga abin da suka yi masa, na ce, "Hajiya, kun sa wa ɗaki bargo kun toshe masa baki, sannan a ce ba ya magana. Ke in an naɗe ki haka za ki amsa?" Ta yi dariya har ta zauna. Nan take ta tara mazan gidan, aka naɗe kafet, aka sauke labule, aka fitar da kujerun. Ɗaya ya ce, "Hajiya, Alhaji fa daga Dubai ya kawo su." Ta ce, "Su koma Dubai su jira shi."

Daɓen yana nan, ja, sumul. Sai da na durƙusa na shafa shi. Kuma ke ba a wurin da ya dace kika tsaya ba. Tsakiyar da ido ke nunawa ba ita ce tsakiyar rufi ba. Daga ƙofa ki ƙirga bakan gizon da ke riƙe da rufi, ki tsaya ƙarƙashin na uku, ki fuskanci kusurwar gabas. Can na tsaya na yi kiran maginan da. Hajiya ta kama baki da hannu biyu, mai gadi ya ja da baya ya taka ƙafar wani. Je ki tambaye su.

Yanzu ga sharuɗɗana. Fiyano da ganga da lasifika su tsaya a zaure na biyu. Kowa ya cire takalmi. Matan kuma, na karanta amshin da kika tsara musu, ba laifi, jinin Inuwa bai tsinke ba. Su yi shi suna shigowa, tun daga ƙofar waje, da rawa da gangar Gilbert, su nuna ankonsu son ransu. Amma in an zo tambaya huɗun nan, wadda ta yi ko tari ni da ita. Ki faɗa wa Winifred bango ba ya bukatar zanenta, shirunta kawai yake so.

Angonki,
Ilisha

Gidan Inuwa, 28 ga Disamba

Zuwa ga Irene jikar Sama'ila, jikar Inuwa Magini,

Barka da Kirsimeti, barka da gajiya. Na iso gida lafiya, Zayyad ya sa motarsa ta kawo ni har ƙofa, mutanen unguwa suka fito suna kallo kamar an kawo amarya.

Ke kin ba jama'a baya kina kaɗa hannu, ba ki ga abin da na gani ba, shi ya sa zan faɗa miki. Soron ya cika, har zaure ya cika. Da matan suka shigo da rawa, Winifred a gaba, na ga limamin unguwar yana kaɗa yatsan ƙafa a ɓoye. Waƙoƙinku na farko sun yi kyau, mutane suna ta hira ƙasa-ƙasa suna ɗaukar hoto, yadda aka saba.

Sai kika jera su ƙarƙashin baka na uku. Kuka tambayi tauraro, kika dunƙule hannu, bakuna arba'in da biyu suka rufe lokaci ɗaya. Irene, kawunan mutane gaba ɗaya suka ɗaga sama. Wani Alhaji mai babbar riga ya waiga bayansa yana neman wanda ya yi magana. A baiti na biyu waya ta faɗi daga hannun wata ba ta ko duba ba. A na uku Gilbert, da ya leƙo daga zaure yana cika yana batsewa don an raba shi da fiyanonsa, na ga ya cire hula. A na huɗu Hajiya Mukarrama ta kamo hannun rigata ta riƙe, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Winifred kuwa, mai cewa bango ya zo ya karɓi anko, ta durƙusa a kan daɓe.

Da aka ce ku maimaita, kuka maimaita, sai na tuna yaran da suka ce na ruɗe. Biyu daga cikinsu suna wurin, yanzu da furfurarsu. Ɗaya ya zo ya tsuguna ya ce, "Baba, ashe gaskiya ne." Na ce, "A'a, ruɗewa ce, ta kama ku duka." Zayyad ya yi alkawari a gaban jama'a kafet ba zai koma ba, kuma ƙofa a buɗe take kowace shekara. Ki riƙe shi da maganarsa, Hajiya ce shaida.

Saura abu ɗaya, kuma tsakanina da ke ne. Ni ban ji ba. Kunnuwana sun yi nauyi tun damina biyu da suka wuce. In an yi ihu kusa da ni ina kamawa, waƙarku ma na ji ta kamar daga bayan gari. Amma muryar ɗaki siririya ce, ba ta iso ni ba, ko ranar da na je ni kaɗai. Fuskar Hajiya na karanta. Na san zai amsa, na san aikin babana, ban yi shakka ko sau ɗaya ba. To amma ina so in sani daga bakin wanda ya tsaya a wurin. Ki rubuto mini dalla-dalla, kada ki yi mini irin lallashinku na asibiti. Me ya ce, kuma sau nawa?

Kakanki,
Ilisha Inuwa

Makarfi, 31 ga Disamba

Kaka,

Barka da ganin ƙarshen shekara. Ba lallashi, ga yadda aka yi.

Muka ce, "Tauraro ya tsaya?" Ya ce, "Ya tsaya." Sau uku, na fari daga sama, na biyu daga kusurwar gabas, na uku a hankali kamar a bayan kunnena. Haka a baiti na biyu, haka a na uku. Kuma ba da muryar tambaya ya dawo da ita ba, Kaka. Mu mun ɗaga, shi ya sauke, kamar mai ba da labarin abin da ya gani.

Na huɗun ban iya ƙirgawa ba. Na ji na farko, daga nan ban san inda nake ba. Sai dai mu koma baɗi in ƙirga maka. Ka kula da ƙafar nan.

Amaryarka,
Irene